Ɗanyen taki a tsohon daro

Akwai wani tsohon daron wanki a gidanmu na Tasawa da gindinsa ya tsage. Ya shekara biyu jingine a bayan ɗakin girki, ba a aiki da shi, ba a kuma yarda a jefar ba. A shekarar da na koma gida da zama, da sanyi ya fara shigowa, na dawo daga Maraɗi da ƴar takardar iri mai hoton wasu jajayen ƙwallaye kamar goro. Radi ke nan. Sunan daga Faransanci muka aro shi, kuma har yau bai zama cimarmu ba, sai dai ka gan shi ɗauri-ɗauri wajen masu salati da karoti a manyan garuruwa. Abin da ya ja ni gare shi maganar mai sayarwa ce, da ya ce kwana 25 zuwa 30 an ci. A ƙasar da ake shuka hatsi a yi wata uku ana kallon sama, abin da zai nuna cikin wata guda ai ya isa a gwada.

Ni dai abin da na sani shi ne shuka tana son taki. Na ɗauki shebur na nufi turken awaki, na kwaso na sama-saman nan mai danshi, wanda fitsari bai gama bushewa a kansa ba. Na ƙara da na akurkin kaji, don na sha jin ana cewa ya fi ƙarfi. Na aiki yara bakin tafki suka ɗebo mini baƙar laka, saboda a idona duk ƙasar da ta yi baƙi ita ce ta kirki. Na cakuɗa, na cika daro fal, na watsa iri, na kwarara ruwa. Gwaggo tana zaune a tabarma tana zagar zogale, tana kallona ta wutsiyar ido, ba ta ce uffan ba.

Kwana huɗu suka tsiro, na shiga murna. Kafin mako ya zagayo, fiye da rabi sun yi rawaya daga gefen ganye, suka kwanta kamar an watsa musu ruwan zafi. Saman ƙasar ya yi ɓawo, ƙarƙashi kuwa ya riƙe ruwa yana wari. Waɗanda suka tsira, na wajen tsagar da ruwa ke ɗan zurarewa, su kuma suka yi wani irin ganye shar, faffaɗa, har maƙwabta na leƙowa suna cewa masha Allah. Ranar da kwana talatin suka cika na tara yaran gida, na kama mafi girma na tumɓuke. Abin da ya fito daga ƙasa bai fi wutsiyar ɓera kauri ba. Na tumɓuke na biyu, na uku, duk kanwar ja ce.

Sai a lokacin Gwaggo ta yi magana. Ta ce, "Kai ɗan nan, ciyar da shi ka yi ko ɗura? Ko jinjiri aka danna wa tuwon hatsi ai shaƙewa zai yi. Tuwon bai yi laifi ba."

Daga baya na bi diddigin abin, na ga maganarta da ta masana aikin gona ba su saɓa ba. Ɗanyen kashin dabba, musamman na kaji, cike yake da gishiri-gishiri da wannan iska mai hawa kai da kake ji a turke da rana tsaka. Su ne ke ƙona ƴan saiwoyin da ba su yi ƙwari ba. Sannan yana ɗauke da sinadarin da ke sa ganye ya yi kore fiye da kima. Ga alayyafo ko salati wannan riba ce, tunda ganyen ake so. Radi kuwa dukiyarsa a ƙasa take, idan ya sami wannan sinadari da yawa sai ya zuba ƙarfinsa duka a sama ya manta da gindi. Akwai kuma maganar lafiya. Radi ɗanye ake cinsa, kuma a cikin ƙasar yake kwance. A Amurka ƙa'idar masu noma ba da takin zamani ba ita ce, duk abin da ake ci wanda ke taɓa ƙasa, sai an bar kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbi. To, shukar da duk rayuwarta wata guda ce, ina za ta sami kwana 120? Dole takin ya gama nasa zaman kafin iri ya shigo.

Laka kuma nata laifin daban. Manoman ƙasarmu sun daɗe da raba ƙasa gida-gida: ga jigawa mai rairayi, mai sauƙin noma, wadda ruwa ke wucewa cikinta kamar a rariya, ga geza mai tauri in ta bushe, ga fadama mai nauyi da riƙe danshi. Daga Tasawa har Mayahi jigawa ce ta fi yawa, kuma kowa ya san ba ta da maiƙo. Shi ya sa idon ɗan jigawa ke raina rairayi, yana ganin baƙar ƙasa sai ya ɗauka ya tsinci dami a kala. Amma saiwa tana numfashi kamar kowane mai rai. Laka a cikin daro, in ta sha ruwa ta toshe kowace kafa, in ta bushe ta zama tubali. Abin da zai kumbura ya yi ƙwallo yana bukatar ƙasar da za ta matsa masa gefe. Rairayin da na tsallake a ƙofar gida na aika yara tafki, shi ne rabin abin da nake nema.

Gwaggo ba ta yi mini dogon bayani ba. Da sassafe ta ce in ɗauko fartanya in biyo ta. Muka wuce turken da na kwasa, muka je can kusurwar danga inda aka ɗaure tumaki shekarar da ta wuce, wurin da damina guda ta riga ta bi ta kansa. Ta ce in kankare saman in haƙa. Abin da ke ƙasa baƙi-baƙi ne, sanyi ƙalau, yana wargajewa a hannu, ba ka iya bambanta kashin tunkiya da ƙaiƙayi ko guntun harawa. Ta dumbuza ta kai mini hanci. Babu wari ko kaɗan, sai ƙanshin nan na ƙasa ranar ruwan fari. Ta ce, "In ka ga yana da kamannin abin da ya fito daga cikin dabba, bai isa ba. In ka sa hannu ka ji ɗumi, bai isa ba. Sai ya manta ko shi wane ne."

Ɗumin da take faɗa gaskiya ne. Tsibin taki mai danshi, idan ƙananan halittun da ido ba ya gani suka kama aikinsu a ciki, zafinsa kan kai digiri 60, kuma wannan zafin ne ke kashe yawancin irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. In ya huce da kansa, an juya shi ya ƙi sake ɗaukar zafi, to ya nuna. Wanda aka tara a rami ana yayyafa masa ruwa ana juyawa yakan ɗauki wata biyu zuwa uku. Wanda aka bari haka nan sai damina ta wuce a kansa.

Muka zauna da tsohuwar rariyar waya muna tankaɗe. Nan na ga abin da gida ke haɗiyewa a shekara: guntayen leda baƙa ba iyaka, marfin kwalba, tsakuwa, ƙashi, wani mataccen batir na tocila da ya fashe, da gwazarma uku masu ƙiba da ta jefa wa kaji. Batirin ta ware shi gefe, ta ce duk ƙasar da ke jikinsa a zubar can nesa. Wannan ne ma ya sa ban yarda da ƙasar juji ta cikin gari ba, ko da kuwa ta fi kowace baƙi. Nijar ta yi dokar hana leda tun 2014, amma rariyar Gwaggo ba ta ji labari ba.

Awonta da tiya take yi, kamar mai auna hatsi. Tiya biyu na rairayin jigawa mai tsabta, tiya ɗaya ta tankaɗaɗɗen taki, sai rabin tiya na ƙasar gindin gawo da wani yaro ya ɗebo daga gona. Gawo itace ne mai saɓa wa sauran itatuwa, da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore, dabbobi su taru a inuwarsa suna cin ƴaƴansa suna bar masa tukwici. Shi ya sa hatsin gindinsa ya fi na fili tsawo, shi ya sa kuma manoman jihar Maraɗi, tun da aka koma barin kututture ya sake toho a gonaki daga wajejen 1983, suke lallaɓa shi kamar ɗan fari. Ta barbaɗa toka cikin tafin hannu ɗaya, ba ta ƙara ba. Ta yayyafa ruwa tana juyawa da hannu, sannan ta damƙi ƙasar ta matse ta buɗe. Ƙasar ta tsaya dunƙule kamar ƙwallon fura. Ta taɓa ta da ɗan yatsa, ta watse. Ta ce haka ake so: in ta ƙi dunƙulewa rairayi ya yi yawa, in ta ƙi watsewa laka ta yi yawa.

Daron ma sai da aka gyara shi. Tsagar nan ba ta isa ba, ta sa na ɗauki ƙusa na huda gindin wuri shida, ta kifa tsingaro a kan kowace huda don kada ƙasa ta bi ruwa. Wasu kan shimfiɗa tsakuwa a ƙasan tukunya wai don ruwa ya wuce. Amma tana rage wurin saiwa. Zurfin taƙi guda, kamar santimita 20, ya ishi ƙaramin radi. Muka ɗora daron kan duwatsu uku kamar murhu. Na miƙa hannu zan ɗauko iri, ta ce a'a. Kwana biyar muka yi muna ba ƙasa ruwa babu kome a cikinta, har ƴan ciyayin da suka ɓuya suka fito muka tsince. Rana ta shida aka shuka, rabin gaɓar yatsa a zurfi, ba a kuma dasa radi daga wani wuri, inda ya tsiro nan zai zauna.

Abin da ya fi yi mini wuya shi ne ragewa. Sun tsiro cunkus, kowanne lafiyayye, ta ce a bar yatsa uku tsakanin kowane biyu, sauran a cire, kamar dai yadda ake rage wa hatsi a rami. Ruwa kuwa kaɗan-kaɗan, safe da yamma, da gwangwanin tumatir da aka huhhuda, domin in ƙasa ta bushe ƙamas sannan aka kwarara mata ruwa, sai radin ya tsage. Ta matsar da daron kusa da inda ake alwala, inda rana ke samunsa daga hantsi zuwa azahar, ta ce ruwan alwala ya shiga, na sabulu kada ya kusanto. Aka rufa masa yagaggen gidan sauro saboda kaji da ƙadangaru.

Wani zai ce duk wannan wahala a kan daro guda? To, ya duba inda muke. Bayan farin 1984 gwamnatin Seyni Kountché ta matsa wa jama'a su kama noman rani, kuma inda ruwa ke kusa abin ya kankama, garake suka yawaita. Amma ba kowane gari ke da fadama ba. Gulbin Kaba da ya ratsa ƙasar Mayahi tsohon kwari ne, an fi saninsa da goruba da kabar saƙa tabarma da igiya, kuma da ka hau jigawa rijiya sai ta yi nisa, guga ya daɗe bai taɓa ruwa ba. Gonaki kuma sun tsuke, gado ya rarraba su, har gamanar da mace kan samu ta yi ɗan nomanta ta gagari mata da yawa. Macen da ba ta da gamana, ba ta da garka, tana da tsakar gida da tsohon daro da yankakken bido da buhun siminti. A nan take samun ɗan ganyen miya daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Radi ma iyakarsa ke nan, don ɗan sanyi ne. Da zafin Maris ya shigo sai ya yi yaji, cikinsa ya koma kamar totuwa, ya tashi neman fure.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne bambancin daro da gona. A gona, in ka zuba ɗanyen taki ya yi yawa a wuri guda, saiwa tana da inda za ta kauce. Ruwan sama ya wanke wani, gara ta ja wani, ƙasa mai faɗi ta shanye kuskurenka ba tare da ta tona maka asiri ba. Shi ya sa garken Fulani ke kwana a gona bayan girbi, a bar kashin a fili rani guda, babu abin da ya lalace. A daro kuwa babu mafaka. Abin da ka zuba shi ne duniyar wannan shuka gaba ɗaya, ba ta da maƙwabcin da za ta je wurinsa ara.

A lokacin akwai ɗan ƙanena a hannuna, yaro ɗan shekara goma sha biyu da aka kawo karatu. Wata rana na aike shi da kuɗi ya dawo babu kuɗi babu saƙo, ya kuma haɗa da ƙarya. A tsaye, a gaban ƙannensa, raina na tafasa, na zazzage masa duk abin da ke cikina: amana, ƙarya, wahalar ubansa, abin da zai zama in bai canja ba. Ko kalma ɗaya ban faɗa ba wadda ba gaskiya ba ce. In da za a rubuta abin da na ce a karanta wa wani a natse, zai ce nasiha ce mai kyau. Bayan wannan rana yaron ya zama abin misali. Gaisuwa har ƙasa, "to Baba" kafin in rufe baki, takalmina a goge. Baƙi na yaba tarbiyya. Sai da aka yi watanni na lura cewa ya daina faɗa mini kome. An kore shi aji saboda littafi, a bakin wani na ji. Ya yi zazzaɓi kwana biyu, Gwaggo ce ta sani. Ranar da na tumɓuke wutsiyar ɓeran nan a gaban yara, shi ne ya fara faɗo mini a rai.

Babba in ka yi masa faɗa da zafi yana da gona. Zai tafi fada wajen abokansa a sha shayi a mayar da abin dariya, ko ya faɗa wa matarsa, ko ya yi tafiyarsa kasuwa ya huce. Yaron da aka kawo gidanka, ko amaryar da aka kawo daga wani gari, ko almajirin da ke kwana a zaurenka, a daro suke. Abin da ka zuba musu da safe, a cikinsa za su kwana.

Na kuma tuna yadda Gwaggo take nata. Ita ma ta ji labarin kuɗin a ranar, ba ta ce kome ba. Bayan kwana biyu, da dare, an ci tuwo an watse, ta kira shi ya riƙe mata fitila tana neman allura. Ban ji abin da ta faɗa masa ba, amma bai fi tsawon neman allurar ba. Washegari ita ya gaya wa inda kuɗin suka tafi. Haka ta yi mini ni ma a kan daro: tana gani ina cakuɗa laka da kashin kaji ta yi shiru wata guda, don ta san ranar ba zan ji ba.

Kada dai in wuce gona da iri. Yawancin gonakin Mayahi da Tasawa ba yawan taki ke damunsu ba, rashinsa ne. Na kusa da gari su samu, na nesa su shekara ba su ga amalanke ba. Haka ma akwai gidajen da yaro ke tashi babu mai ce masa kanzil, kuma wannan rairayi ne zalla, ba ya fitar da kome. Amma ko a wajen rashin, awo ne ya yi magani. Masu bincike na cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai sun nuna cewa ɗan takin zamani cikin marfin kwalba, kamar giram 6, in aka sa shi a ramin shuka daidai inda saiwa za ta same shi, yana ƙara amfanin hatsi sosai, ga manomin da ba zai iya sayen buhun da za a watsa wa gona duka ba. Har a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, inda ƴar sama jannatin Amurka Kate Rubins ta girbe radi 20 a ƙarshen Nuwamban 2020 bayan kwana 27, a cikin ƴan tsakuwoyin gasasshen yumɓu aka shuka su, da takin da ke narkewa sannu a hankali. Da na ba Gwaggo wannan labari, cewa ta yi su ma ashe ba su da gamana.

Daro na biyu ya yi. Ganyen bai kai na farko kyau ba, babu maƙwabcin da ya leƙo. Amma wajen kwana ashirin sai ga jajayen kafaɗu suna turo ƙasa, kuma a kwana na ashirin da takwas na ce wa yaron shi zai fara cirewa. Ya kama ɗaya ya ja, ya fito ja wur da ɗan farin gindi, kamar babban goro. Ya wanke a buta ya kai wa Gwaggo. Ta gutsura, ta tauna, ta yamutse fuska, ta ce, "Wannan abin mai yaji ne kuka tayar mana da hankali a kansa?" Ta miƙa masa sauran, ta tattara ganyen ta ce za ta dafa ta kwaɗanta da ƙuli-ƙuli.

Cakuɗen nan nawa na farko, mai wari, tun ranar da aka juye daron ta sa aka zuba shi a rami bayan danga, aka rufe da kara. Na tambaye ta ko a kwashe a kai juji. Ta ce in bar mata abinta, baɗi war haka yakuwa za ta shuka da shi.